Mai Rabon Gado Ba Ya Gama Karatu

Ya ku 'yan'uwa Musulmi, Allah Maɗaukaki da kansa Ya yanka rabon gado a Suratun Nisa'i, aya ta 11, 12 da 176. Duk da haka, a zamanin Sayyidina Umar (RA) wata mace ta rasu ta bar miji da shaƙiƙai mata biyu, rabi da sulusi biyu suka zarce dukiyar. Sai da ya shawarci Sahabbai, aka ɗaga asalin daga 6 zuwa 7, ragin ya shafi kowa gwargwadon rabonsa.

To, mu malamai da alƙalai, wa ya fi ƙarfin komawa gaban malami? Mu riƙa bitar babin gado na Risala, domin kuskurenmu gonar maraya yake ci. Allah Ya kiyashe mu, amin.