Duhun Mahaifa da Fitilar Bincike

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya suranta mu a cikin mahaifa yadda ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, abin da ya sa na ɗauki alƙalami wani dare ne da ba na mantawa. Muna zaune a nan Ƙofar Kaura a Katsina bayan sallar isha'i, sai aka fito da wata ƙanwarmu mai cikin fari, wata takwas, ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, jikinta yana karkarwa, tana taune harshe. Wasu na cewa iska ce, wasu na neman mota. Jijjiga ce. Allah ya tashi kafaɗunta, amma ɗan bai zo da rai ba. Tun daga ranar nake tambayar likitoci daga ina wannan cuta take farawa, kuma amsarsu ɗaya ce: daga mabiyiya, tun watannin farko, lokacin da ba idon da ke ganin abin da ke faruwa.

Ga yadda suka bayyana. Idan ciki ya shiga, wasu ƙwayoyin halitta na mabiyiya sukan kutsa bangon mahaifa su buɗe jijiyoyin jinin uwa, kamar yadda mai lambu ke faɗaɗa bakin kwalbati don ruwa ya wadaci fangali. In buɗewar ta gaza, mabiyiya takan ƙuntata, sai bayan mako 20 hawan jinin da kan kai ga jijjiga ya bayyana. Ba a yanka mai ciki don a kalli wannan, kuma ɓeran da masana ke gwaji da shi ba ya yin haila irin ta 'ya'yan Adamu, mabiyiyarsa ma daban take. Shi ya sa ilimin ya daɗe a tsaye.

A shekarar 2009, Hans Clevers da Toshiro Sato a birnin Utrecht na ƙasar Holan suka gano yadda ake ɗaukar ƙwayoyin hanji a raine su a cikin ɗigon wani abu mai kama da dalaki, su tsiro su zama ƙaramin kwatankwacin hanjin. Turawa na kiran wannan oganoyid. Ni na fi son in ce dashen tsoka. A 2017 Margherita Turco da abokan aikinta a Jami'ar Kambirij suka yi irin wannan da shimfiɗar cikin mahaifa, a 2018 kuma suka yi da mabiyiya. Abin bai kai ƙwayar gero ba. A ƙarƙashin madubin likita sai ka ga ɗan ƙwallo, ana ajiye shi a ɗumin jikin mutum, ana sauya masa ruwan abinci bayan 'yan kwanaki. In aka zuba wa na mahaifa sinadaran da jikin mace ke fitarwa a tsakiyar wata, sai ya fara tsatso da abincin da ake tanadar wa ɗan tayi. Na mabiyiya kuwa, da aka tsoma tsinken gwajin ciki a ruwansa, sai ya nuna akwai ciki. Tsarki ya tabbata ga wanda ya sanya wa kowace ƙwaya umarninta!

Na san wani zai ce wannan shiga hurumin Ubangiji ne. Ban ga haka ba. Mai binciken bai halicci ƙwaya ko ɗaya ba. Abin da Allah ya halitta ya ɗauka ya ba shi ruwa, kamar manomi da iri. Dashen nan ba jariri ba ne, ba ya zama jariri, ba a busa masa rai. Sanin ajalin abin da ke cikin mahaifa da arzikinsa da makomarsa yana nan wurin Allah shi kaɗai. Kuma malamanmu ba su taɓa jin nauyin wannan babi ba: yaron da ya karanta Ahalari da Risala ya san hukuncin haila da istihala da jinin biki, ya san iyakar kwana 15 da ta kwana 60 a mazhabar Malikiyya. Wanda ya ƙidaya kwanakin jini don sallah ta inganta, me zai hana jikansa binciken dalilin jinin don rai ya tsira?

Inda nake tsoro shi ne wajen amana. A 1951, a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, an yanki tsoka daga bakin mahaifar wata baƙar fata mai suna Henrietta Lacks ba tare da saninta ba. Ta rasu a shekarar, amma ƙwayoyinta na nan ana bincike da su har gobe, iyalinta kuwa sai bayan shekara ashirin da wani abu suka sani. Mu da muke wanke mabiyiya mu binne ta da mutunci ba za mu yarda da irin wannan ba. Dole a nemi izinin mace da harshen da take ji, a gaya mata inda tsokarta za ta je. Sannan mabiyiyar da aka yi aikin Kambirij da ita daga cikin da aka zubar aka samo ta, wannan kuwa mas'ala ce da ke buƙatar malamai da likitoci su zauna a tabarma ɗaya. Sauƙin da Allah ya kawo shi ne a 2021 an nuna ana iya tayar da dashen mahaifa daga jinin haila kawai, ba yanka ba allura.

Kada kuma a ɗauka wannan zai share mana duk hawaye. Yoyon fitsarin da ake ɗinkewa a asibitin Babbar Ruga tun zamanin da Dakta Kees Waaldijk ya fara aikin a shekarun 1980, doguwar naƙuda ce ke kawo shi. Maganinsa awon ciki ne da ungozoma ƙwararriya da hanya mai kyau. Amma jijjiga da sankarar bakin mahaifa da ɓari mai maimaituwa, waɗannan suna buƙatar bincike, kuma da jikin matanmu. Annettee Nakimuli ta Jami'ar Makerere ta nuna cewa gadon halittar matan Uganda yana da nasa tsari a sha'anin jijjiga, wanda ba a gani a matan Turai.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana iyaye a Katsina, garin Ɗan Marina da Ɗan Masani: 'yar da Allah ya ba kaifin ƙwaƙwalwa a kimiyya, ku bar ta ta yi nisa, domin mace ta fi sakin jiki da 'yar'uwarta mace. Masu hali kuma su sani, ɗakin bincike mai wutar da ba ta yankewa yana cikin abin da ake yi wa waƙafi. Mai ciki kuwa, in ta ji ciwon kai mai tsanani ko ganinta ya dushe ko fuska ta kumbura, a kai ta asibiti a wannan daren, kada a jira gari ya waye. Allah ya sauki masu ciki lafiya, amin.