Tsakanin Saiwa da Allura: Nasiha ga 'Ya'yanmu na Batsari da Safana

Ɗana, ba ni aron kunnenka, don maganar da zan yi maka ta shafi ranka da na iyalinka.

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan tamu, daga Ruma zuwa Wagini, daga Runka zuwa Zakka, da saiwa da sassaƙe aka rene shi. Da ganyen sabara aka yi wa uwarka ruwan wankan jego. Bagaruwa aka jiƙa maka ranar da bakinka ya yi miki, kuma ka sha ɗacin maɗaci kana kuka ana lallashinka. Kakanninmu sun zauna a bakin dajin Rugu shekaru aru-aru ba asibiti ba likita, sun san kowane itace da sunansa, sun san wanda ake sha da wanda ake shafawa da wanda ko akuya ba a bari ta kusanta. Saboda haka ɗan bokon da ya dawo gida yana yatsine fuska don ya ga tukunyar tsimi a ɗakin kakarsa bai san asalin kansa ba, bai kuma san asalin maganin da yake tinƙaho da shi ba.

Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro da ake ba ka a asibiti yau, wadda ake sha safe da yamma har kwana uku, daga ganye ta fito. Wata mata 'yar ƙasar Sin mai suna Tu Youyou ce ta bi tsofaffin littattafan maganin gargajiyar ƙasarsu, ta tatso sinadarin a shekarar 1972 daga wani tsiro ɗan'uwan tazargade, har aka ba ta lambar yabo ta Nobel a 2015. Kafin ita, kwinin da iyayenmu suka sani daga ɓawon wani itace na ƙasar Peru aka samo shi, masana biyu a Faransa suka ware shi a 1820. Ka ga ashe asibiti da gindin itace ba abokan gaba ba ne. Abin da ya raba su shi ne awo. Ganyen da ka tsinko a fadama da wanda ka tsinko a jigawa ba ƙarfinsu ɗaya ba, na damina da na rani ma haka, kuma cikin tafin hannun kaka ba daidai yake da na jikarta ba. Ƙwayar asibiti kuwa an san nawa ne a cikinta, an san nawa za a ba ɗan shekara biyu da nawa za a ba magidanci. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana a dogara da jiƙon ganyen nan wajen maganin zazzaɓi: yakan sanyaya jiki bai kashe ƙwayar cutar duka ba, waɗanda suka tsira kuma su taso da taurin kai. Mun ga yadda kulorakwin ya daina ci, har gwamnatin Najeriya ta ajiye shi a 2005.

To, ga abin da ya fi damuna, kuma shi ne dalilin wannan nasiha. A ganina jinkiri ya fi cin yaranmu fiye da ita kanta saiwar. Yaro ya kwana da zafin jiki a watan Agusta, uwa ta ce haƙori ne. Washegari ya ƙi nono, kaka ta ce shawara ce, a dafa masa rai-ɗore. Rana ta uku a ce sammu ne ko iska, a yi hayaƙi, a shafe shi da mai. Sai a dare na huɗu, idanunsa sun kakkafe, jiki yana jijjiga, tafin hannunsa ya yi fari fat kamar ba jini, sannan hankalin maigida ya tashi ya fita neman mai babur. Kai ma ka san abin da fita da dare take nufi a yankinmu a shekarun nan na tashin hankali. Ka san ƙananan asibitoci nawa ne na ƙauyuka ma'aikatansu suka gudu saboda 'yan bindiga. Wa zai ɗauke ka ƙarfe biyun dare zuwa Batsari ko Dutsin-ma, balle Katsina? Mutumin birni yana iya sakaci ya tsira, don asibiti na bayan gidansa. Kai ba ka da wannan gatan. Tunda hanyarka tana da nisa kuma tana da haɗari, kai ya kamata ka fi kowa sammako.

Zazzaɓin cizon sauro yana iya tsananta ya kashe ƙaramin yaro cikin kwana ɗaya. Gwajinsa kuwa ɗigon jini ne daga ɗan yatsa, kafin minti ashirin an san ko shi ne ko ba shi ba. Idan jikin yaro ya yi zafi, ka kai shi a gwada tun ranar, da sauran hasken rana. Idan masu rabon maganin rigakafin damina suka zo ƙofar gidanka, wanda ake ba yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar kowane wata har ruwa ya ɗauke, ka buɗe musu ƙofa, ka kuma tsaya a kan a ba yaron na rana ta biyu da ta uku. Zogale da kuka da zuma abinci ne masu gina jiki, ka ci gaba da ciyar da iyalinka da su, sai dai jaririn da bai cika shekara ba, shi ba a ba shi zuma. Amma ba ɗaya cikinsu da zai mayar wa yaro jinin da cuta ta shanye cikin dare ɗaya.

Haka maganar saran maciji, kai da kake wuni a gona. Na san ana girmama masu maganin maciji, ni ma ina girmama su, kuma za ka kawo mini sunayen mutanen da suka warke a hannunsu. Gaskiya ne sun warke. Amma ka sani ba kowane maciji ke da dafi ba, mai dafin ma ba kullum yake zuba shi ba idan ya yi sara. Irin waɗannan ko ba a yi musu komai ba za su tashi. Kububuwa kuwa idan ta zuba dafinta, hana jini daskarewa yake yi. Mutum zai wuni yana hira, ƙafa ce kawai ta kumbura, kowa ya ce Alhamdulillahi magani ya ci. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai a ga jini yana tsattsafowa daga dasashinsa, yana fita a fitsari, tsagar da aka yi masa da aska ta ƙi tsayawa. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya, ciki har da David Warrell, suka yi nazarin wannan dafi, kuma gwajinsa ba wuya: a zuba jinin mutum a tsabtataccen bututun gilashi a ajiye minti ashirin, in bai daskare ba, dafi ya shiga, allurar kashe dafi ce kawai mafita. A Kaltungo ta jihar Gombe asibiti guda aka ware don wannan aiki. Saboda haka kada ka tsaga wurin, kada ka tsotsa, kada ka ɗaure ƙafa tamau da igiya har jini ya daina zagayawa. A hana shi tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi a kama hanya. Addu'a da tofi a yi su a kan hanyar.

Ka kuma iya bambance mai magani da mai talla. Mai maganin da muka gada mutum ne sananne a gari, an san ubansa da kakansa, abu ɗaya ko biyu ya iya, kuma idan ciwo ya fi ƙarfinsa yakan ce, "Wannan ba nawa ba ne, ku kai shi asibiti." Nagari cikin masu ɗori haka suke, idan ƙashi ya huda fata ba sa taɓawa. Shi kuwa mai mota da lasifika da ke fakawa ranar kasuwa, kwalba ɗaya a hannunsa tana maganin basir da sanyi da taifot da ciwon suga da rashin haihuwa da ƙarfin maza, mako mai zuwa yana wata kasuwar, wa za ka kama idan ƙodarka ta tsaya? An sha kama irin waɗannan haɗe-haɗe a ƙasashe da dama an tarar an niƙa ƙwayoyin asibiti masu ƙarfi a ciki, na kashe zafin ciwo ko na ƙarin kuzari, ba awo ba ƙa'ida. Ka sha ka ji garau, ka yaba wa itace, alhali ƙwaya ce ke cin hantarka a ɓoye. Ko ka ga lambar hukumar NAFDAC a jikin kwalbar maganin gargajiya, ka fahimci iyakarta: galibi shaida ce cewa an duba ba a ga abin cutarwa ba, ba shaida ba ce cewa yana warkar da duk abin da aka lissafa. Malamanmu sun karantar da mu cewa wanda ya yi wa mutum magani ba da sani ba, alhakin abin da ya faru yana wuyansa. Wannan hukunci ya hau kan mai lasifika, ya kuma hau kan yaron kemis da ke yi wa mutane allura da ƙarin ruwa bai taɓa shiga ajin koyon aikin ba.

Ba zan rufe ido a kan laifin asibiti ba, don na san abin da ke korar talaka daga can. Akwai kuɗin kati da na gwaji da na magani a lokacin da rumbu ya ƙare. Akwai layi tun safe har azahar. Akwai tsawar da wasu ma'aikata ke daka wa matar ƙauye a gaban jama'a, har ta rantse ba za ta sake zuwa ba. Akwai kuma tabon da bai gama warkewa ba na 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a cikin wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200, goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Wannan zafin yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003, kuma yaranmu ne suka biya farashin da ƙafafunsu, har sai 2020 aka tabbatar cutar ta daji ta bar Najeriya. Ku 'ya'yana masu fararen kaya, ku ji tsoron Allah a kan marasa lafiya. Uwar da kuka kunyata yau don ta ba ɗanta jiƙo, gobe ƙarya za ta yi muku, ko ta zauna a gida.

Haɗuwar ɓangarorin nan biyu, asibiti da maganin gargajiya, ba mafarki ba ne, an yi ta a ƙasar nan. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Abuja, a ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta karɓi wani haɗi daga hannun wani mai maganin gargajiya ɗan ƙasar Yarbawa, Paul Ogunyale, ta auna shi, ta gwada shi a kan masu ciwon sikila, ta fitar da maganin Niprisan mai rage yawan tashin ciwon. Cikin kayan haɗinsa akwai masoro da kanumfari da karan dafi, abubuwan da ke ɗakin uwarka yanzu haka. Mai maganin bai ɓoye sirrinsa ya mutu da shi ba, masanan kuma ba su raina shi ba. Ina fata jami'o'inmu na Katsina da Dutsin-ma su yi wa sabara da marke da hano irin wannan hidima tun tsofaffin da suka san su suna raye, tun kuma masu gawayi ba su ƙarar da itatuwan ba.

Abin da ya rage a hannunka shi ne faɗin gaskiya. Idan likita ya tambaye ka abin da mara lafiya ya sha, ka faɗa masa duka, har ka tafi da ragowar kwalbar ko sassaƙen ya gani, don wani jiƙon yana karo da wata ƙwayar. Idan kana da hawan jini ko ciwon suga, kada ka ajiye ƙwayarka don wani ya ce ya warkar da kai. Waɗannan cututtuka lallaɓa su ake yi har ƙarshen rayuwa, kuma hawan jini ba ya sallama kafin ya shanye wa mutum ɓarin jiki. Matarka idan ta haihu, a sassauta mata kunun kanwa da tsananin zafin ruwan wanka. Likitocin asibitin koyarwa na Zariya sun daɗe da danganta yawan kanwa da gashin jego da ciwon zuciyar da ke kama masu jego, don kanwa gishiri ce mai tara ruwa a jiki. In ka ga ƙafafunta sun kumbura, tana haki ko tana kasa kwanciya sai a zaune, kada ka jira arba'in.

Ɗana, ka zauna da iyalinka tun kowa yana lafiya ku yanke shawara: wane asibiti ne mafi kusa da ke aiki, wane mai babur ko mai mota za a kira, nawa aka ajiye gefe don wannan rana. Ka ba matarka izini tun yanzu, a gaban mahaifiyarka, cewa in yaro ya yi zazzaɓi ko naƙuda ta zo kana gona ko kana tafiya, ta kama hanyar asibiti ba sai ta jira dawowarka ba. Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya a ƙasarmu.