Zumunta a Ƙafa Take, Har Tsakanin Miji da Mata

Idan Bahaushe ya ce zumunta a ƙafa take, yawanci ɗan'uwa na nesa yake nufi: goggon da ke aure a Tudun Wada, ko kawun da ya koma Kano da zama. Jini kaɗai ba ya riƙe mutane in babu wanda ya tashi ya taka ya je. Saƙon gaisuwa yana da daɗi, kiran waya ma haka, amma wanda ya sha ƙura ya yi sallama a ƙofar gidanka, shi ne ka tabbatar kana ransa. Abin da karin maganar ke aunawa shi ne wahalar da mutum ya yarda ya sha saboda wani.

Sai dai akwai zumunci ɗaya da muka tsame daga wannan hukunci ba tare da hujja ba, wato na miji da matarsa. Mun ɗauka tunda katanga ɗaya ta kewaye su, babu sauran tafiya a tsakaninsu.

Dubi gida a Kahu, cikin ƙasar Kibiya, lokacin damina. Maigida ya fita gona da sassafe. Matar tana fama da surfe, da tuwo, da goyo a baya, ga wani yana jan zaninta. Da yamma shi yana dandali wajen abokai, ita tana tsakar gida da faccaloli. In ta buɗe baki za ta ce, "Malam, akwai maganar da nake so mu yi," kafin ta kai ƙarshe yaro ya fasa kuka, ko an yi sallama a zaure. Sai ya ce, "Bari sai an jima." Wannan an jimar tana iya kaiwa shekara. Da an gama girbi kuma maza da yawa sun ɗaura jaka sun tafi cirani Kano ko Abuja ko Legas. Ka tambayi ma'auratan da suka daɗe tare yaushe rabon da su fita su biyu, za ka tarar asibiti ne ya fitar da su, ko ta'aziyya. Ko a nan ma shi yana gaba, ita tana can baya.

A wasu ƙasashe ma'aurata kan bar yara wajen kakanni, su hau jirgi zuwa tsibiri irin su Zanzibar, su yi kwanaki suna yawo da ƙafa su kaɗai. Manomin Kahu ba shi da kuɗin jirgi, kuma ba ya bukatarsa. Allah ya ajiye masa duwatsu a bayan gida. Rano, garin Autan Bawo, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, a gindin duwatsu take zaune. Gaba kaɗan ga Rurum da manyan falalenta, ga kuma ruwan Tiga, madatsar da aka gina a zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974, wadda har yau take shayar da gonakin rani na Kadawa da Bunkure da Kura. Mutane na tasowa daga birni su zo kallon abin da mu muke wucewa a kan babur ko waiwaye ba ma yi.

Hawan dutse yana yi wa mutum biyu abin da zaman ɗaki ba ya yi. Da kaka ya fi kyau a je, bayan ciyawa ta bushe, an rage fargabar maciji, rana kuma ba ta da zafin bazara. Falalen dutse yana da santsi a ƙarƙashin silifa, don haka dole a tafi a hankali. Inda ya yi tsayi, sai mijin ya hau ya miƙo hannu, matar kuma ta kama, abin da ba za su taɓa yi a kan titin gari ba. Numfashinta ya yi sama, ya tsaya ya jira ta, wataƙila a ranar ce zai fara lura da abin da haihuwa bayan haihuwa ta yi wa ƙarfinta. A sama akwai ƙananan kwarmi da ruwan damina bai gama ƙafewa a ciki ba, ƙadangaru na shan hantsi, daga ƙasa kuma ana hango tarin karan dawa da kukoki da ɗorawa a warwatse cikin gonaki. Su zauna, ta kwance ƙullin fura ta dama. Babu mai kuka, babu mai sallama. A nan ne maganar da aka yi ta ɗagewa take samun fita: bashin taki, auren babbar 'yarsu, ciwon da ta daɗe tana ɓoyewa, kalmar da ya faɗa bara wadda har yanzu take ci mata rai.

Na san abin da za a ce. Za a ce ta shanye shi, ya zama mijin-ta-ce. Za a ce wannan ɗabi'ar Turawa ce, ina kunyar da aka san mu da ita? Kunya abu ce mai daraja, ba na so mu rabu da ita. Amma ba mu fi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kunya ba. Ya zo a hadisi cewa a wata tafiya ya umarci sahabbai su yi gaba, ya yi tseren gudu da Nana A'isha ta wuce shi. Bayan shekaru, da jikinta ya yi nauyi, suka sake yi a wata tafiyar, shi kuma ya wuce ta. A lura, sai da ya sallami jama'a tukuna. Ya san miji da mata suna bukatar wurin da babu ido. Mai mata fiye da ɗaya ma an nuna masa hanya, domin Manzo yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa in zai yi tafiya. Ke nan adalci ake nema, wannan karon uwargida, wani karon amarya. Ba a ce a fasa tafiyar ba. Alhazanmu kuma suna dawowa daga Makka da labarin yadda suka hau dutsen da kogon Hira yake tare da matansu, ba wanda ya ce sun yi abin kunya.

Saura batun yara, kuma a nan mun fi kowa sa'a. Mutumin birni sai ya biya kuɗi kafin ya sami mai riƙe masa yaro na yini ɗaya. A Kahu kuwa kaka tana sashen da ke kusa, ga gwaggo, ga matar wa. "Inna, ga jikokinki, za mu je Rano mu dawo kafin magariba." Iyakar abin ke nan. Jaririn da ke shan nono ya bi uwarsa, sauran su yini suna sauraron tatsuniya. Ba za su rasa komai ba, kuma su ne farkon masu cin riba, domin yaro yana gane lokacin da iyayensa suka daina magana da juna, ko da ba a taɓa ɗaga murya a gabansa ba.

Kuɗin da za a kashe bai wuce na babur zuwa Kibiya da na mota zuwa Rano ba. Lokacin ne ke da wuya, don tsakanin shigar hatsi rumbu da tafiyar 'yan cirani makonni kaɗan ne, kuma bukukuwan aure suna cinye yawancinsu. Wanda yake so ya je, sai ya tsayar da rana tun ana yankan dawa, ya gaya wa Inna da wuri.