Katarawa da Tambayar Asalin Sharri

Idan Mahalicci mai rahama ne, daga ina cuta da yunwa da zalunci suka fito? Katarawa, wata ƙungiyar addini da ta yi ƙarfi a kudancin Faransa a ƙarni na 12 da na 13, sun ba da amsar da ta tayar wa Cocin Katolika hankali. A aƙidarsu iyayengiji biyu ne. Na kirki ya halicci ruhi, mugun kuwa ya halicci jiki da duk abin da ido ke gani. Ruhi ɗaurarre ne, yana ta komowa cikin sabon jiki har ya tsarkaka.

Jagororinsu, maza da mata, waɗanda ake kira kamilai, ba sa cin nama ko ƙwai, ba sa shan madara, ba sa rantsuwa, ba sa aure. Yawancin mabiya sukan jira sai ajali ya matso, sannan a ɗora musu hannu su shiga sahun kamilai.

Fafaroma Innocent na Uku ya ƙaddamar da yaƙi a kan Katarawa. A 1209 aka yi wa mutanen garin Béziers kisan kiyashi. A 1244, bayan faɗuwar sansanin Katarawa na Montségur, aka ƙona mutum kusan 200 da suka ƙi sakin aƙidarsu. Kamili na ƙarshe da aka sani a yankin, Guillaume Bélibaste, an ƙona shi a 1321.