GIRKIN NAMA IRIN NA INDIYA A GIDAN MUSULMI: INA LAIFIN YAKE?

Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya hore wa ɗan Adam dabbobin ni'ima, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Duk wanda ya ratsa unguwannin Tambuwal ko Dogon Daji ko Kebbe a kwanakin Babbar Salla ya san ƙanshin da ke tashi daga gidaje: soyayyen naman layya da ake adanawa cikin kitsensa, da farfesun kayan ciki, da kilishin da aka shanya. Amma a 'yan shekarun nan wani ƙanshi ya ƙaru a kan waɗannan, watau na girkin nama irin na mutanen Indiya. Wasu matan sun gan shi a Makka da Madina, inda masu dafa abinci da yawa mutanen Indiya ne da Pakistan. Wasu sun koya daga wayar hannu. Akwai kuma dattijan da suka fara ɗanɗana shi tun shekarun 1970 da 1980, sa'ad da malaman Indiya da Pakistan suka yawaita a makarantun sakandare na ƙasar Sakkwato.

Wannan ya jawo magana a zauruka. Wasu suna cewa ai koyi ne da masu bautar gumaka, kuma Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da ya nuna cewa mai kamanta kansa da wasu mutane ana lissafa shi cikinsu. Wasu kuma suna cewa abinci abinci ne, babu ruwan addini da tukunya. Magana ta farko ta yi tsanani inda bai kamata ba, ta biyu kuwa ta yi sakaci.

Kafin a yanke hukunci a kan abu, tilas a san shi. Mafi yawan mabiya addinin Hindu ba su cin naman shanu, da yawa daga cikinsu ma ba su cin nama ko kaɗan. Girke-girken naman da suka yi suna daga can, galibinsu a hannun Musulmi suka girma, musamman a fadojin sarakunan Mugal, daular da Babur ya kafa a 1526. Biriyani shinkafa ce da ake jerawa hawa-hawa da naman da aka jiƙa cikin kindirmo da kayan ƙanshi, a like bakin tukunya da ƙullin fulawa don kada tururi ya fita; birnin Haidarabad da na Laknau su ne suka fi shahara da ita. Korma nama ne da ake dafawa a hankali cikin kindirmo da man shanu da soyayyar albasa. Nihari kuwa naman ƙwauri ne da ƙashinsa da ake barinsa bisa wuta kusan dare guda, a ci shi bayan sallar Asuba, kuma sunan daga kalmar Larabci ya fito, nahar, watau yini. Halim alkama ce da nama da ake dafawa har su narke su zama ɗaya, asalinsa harisar Larabawa ce wadda mutanen Hadaramaut da suka yi aikin soja a Haidarabad suka kai can. Ƙidayar 2011 ta nuna Musulmin Indiya sun kai miliyan 172. Ashe wanda ya ce girkin kafirai ne, ya yi wa 'yan'uwansa masu yawa shaidar da bai bincika ba.

Akwai wani abin lura ga almajirai. Littafin Abu Dawuda, wanda ake ciro hadisin kamantawa daga cikinsa, sharhinsa da ya fi yawo a hannun malamai shi ne Aunul Ma'abud, aikin malamin Azimabad ta ƙasar Indiya. Tuhfatul Ahwazi, sharhin Tirmizi, shi ma daga can ya zo. Sayyid Murtala Zabidi, mai ƙamusun Tajul Arus, a Bilgiram ta Indiya aka haife shi a 1732, kuma shi ne ya ba Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ijaza a Misra. Garin da ya yi alfahari da zaman Muhammadu Buhari ɗan Shehu, kamar Tambuwal, bai kamata ya ɗauki Indiya ƙasar fina-finai kaɗai ba.

To, ko da a ce girkin na waɗanda ba Musulmi ba ne, me shari'a ta ce? Malamai sun rarrabe tsakanin ibada da al'ada. Ibada ba a yinta sai da umurni, al'ada kuwa halal ce sai in hani ya zo. Kamantawar da aka hana ita ce ta abin da ya zama alamar addinin wasu mutane ko bukukuwan bautarsu, ko abin da mutum ya yi da nufin ya zama kamarsu don yana ganin sun fi Musulmi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa jabbar Rumawa mai matsattsen hannu a tafiyar Tabuka. A can aka kawo masa cuku, ya nemi wuƙa, ya ambaci sunan Allah ya yanka. Ya karɓi shawarar Salmanu mutumin Farisa aka haƙa ganuwar rami a shekara ta 5 bayan Hijira. Har ila yau Buhari ya ruwaito cewa ya yi horo da yin magani da wani itace da Larabawa ke jingina wa ƙasar Hindu.

Labarin damo ya fi kowanne bayyana wannan ƙa'ida. An kawo gasasshen damo a ɗakin Nana Maimuna, Annabi ya janye hannunsa. Halidu ɗan Walidu ya tambaya ko haram ne, aka amsa masa cewa ba haram ba ne, sai dai ba abincin ƙasar mutanensa ba ne, don haka ransa bai so. Halidu ya jawo akushin ya ci, Annabi yana kallo. Saboda haka dattijon da ya ce shi dai a bar shi da tuwon dawa da miyar kuka, ba ya son shinkafar da ta sha kirfa, yana da haƙƙinsa cikakke, kuma ba a ce masa baƙauye. Abin da ba shi da shi shi ne ya mai da ƙin ransa hukuncin Allah. Suratul A'arafi ta yi inkari ga mai haramta daɗaɗan arziki da Allah Ya fitar wa bayinSa, Suratun Nahali kuwa ta yi kashedi game da harshen da ke saurin cewa wannan halal ne wannan haram ne ba da ilimi ba.

Daɗin daɗawa, tukunyar Bahaushe ba ta taɓa zama a rufe ba. Gyaɗar da ake yin tunkuzar kilishi, da barkono, da tumatir, da masara, da rogo, duka daga nahiyar Amurka suka fito, ba su iso nan ba sai bayan 1492. Indiya ma ba ta san barkono ba sai da Turawan Fotugal suka kai shi bayan isar Basko da Gama a 1498. Alkubus da gurasa sunayensu sun tona asalinsu. Samosar da ta zama kayan buɗa-baki a gidaje da yawa, Ibn Baɗuɗa ya bayyana ta a fadar Sarkin Delhi Muhammadu ɗan Tugluk, shi da daga baya ya ziyarci Mali da Takadda a 1352 zuwa 1353. Man shanu da kindirmo, waɗanda su ne ginshiƙin girkin Indiya, ga su nan a ƙoren Fulanin Kebbe kowace ranar kasuwa. Albasa ga ta daga Aliero. Jar akuyar Sakkwato da ragon uda ba su da abin kunya gaban naman kowace ƙasa.

Amma masu cewa babu ruwan addini da tukunya, su ma a tsaya da su. Akwai girkin da ake kira bindalu, na yankin Gowa, wanda asalinsa na Fotugal ne, da naman alade ake yinsa. In an yi shi da naman rago da ruwan khal, ba laifi, domin suna ba ya haramta abinci, kuma khal tsarkakakke ne a mazhabar Malik. Sai dai wasu masu koyar da girki na Turai suna zuba giya a romo suna cewa wuta tana ƙone ta. Wannan ba ya halatta tukunyar. Gyaɗar ƙamshi, wadda ake sawa cikin haɗin kayan yajin da suke kira garam masala, Ibn Hajar Haitami ya tsananta a kanta saboda mai yawanta yana gusar da hankali, wasu malamai kuwa sun sauƙaƙa ɗan kaɗan da ake sawa don ƙanshi. Ɗalibi ko ɗan kasuwa ko mai jinya da ya je Indiya, ya sani akwai yankan da ake kira jatka, na sare kai da bugu ɗaya, wanda mabiya addinin Sik da wasu Hindu ke yi. Ba yankan Musulunci ba ne, sai ya tambaya. Abincin da aka gabatar wa gunki kuwa, ko na alewa ne, ba a kusantarsa. Albasa da tafarnuwa, da girkin nan ke ci da yawa, Sayyidina Umar ya yi horo da a kashe warinsu da dahuwa, kuma a nan an dace, gama soya albasa har ta yi ja shi ne matakin farko na korma da biriyani.

Waɗannan duka masu sauƙi ne. Inda nauyin yake shi ne wurin da ba a cika dubawa ba.

Girkin fada ne, an ƙaga shi don gidan da nama ba ya yankewa. Yana son nama zuƙu-zuƙu, da mai mai yawa, da doguwar shinkafar basmati da ake kawowa daga waje da tsada, da kirfa da kanumfari da kamun da kurkum, wani lokaci har da zafaran. Yana cin itace, a ƙasar da itace ke ƙara nisa kowace shekara. Imam Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ya yi kashedi game da nama, ya ce yana da jaraba irin ta giya. Ya kuma kawo cewa Umar ya gamu da Jabiru ɗan Abdullahi ɗauke da naman da ya saya don sha'awa, ya tuna masa da maƙwabci da ɗan'uwa. Umar bai haramta nama ba. Tsoronsa shi ne mutum ya saba da cewa duk abin da ransa ya so sai ya saya. Irin wannan tsoro ne ya sa Malam Abdullahi na Gwandu ya bar rundunar jihadi a 1807 ya nufi gabas, kamar yadda ya bayyana cikin Tazyinul Waraƙati, don ya ga zukata sun fara karkata ga tufafi da dawaki da jin daɗin duniya. Magidancin da zai ci bashi don a dafa biriyani ranar suna, domin kada a ce gidan wane ya fi nasa, ya faɗa cikin abin da aka hana, kuma da da tuwon shinkafa da miyar taushe ya yi wannan gasar, hukuncin ɗaya ne.

Sa'an nan akwai ita mai girkin. Malaman Malikiyya sun ɗora ciyarwa a kan miji gwargwadon ƙarfinsa da matsayin matar da al'adar gari, suka kuma ɗora wa matar da ba ta cikin masu haƙƙin a ɗaukar musu mai aiki hidimar cikin gida bisa ga al'ada. Babu inda al'adar Tambuwal ta tilasta wa mace ta kwana tana iza wuta ƙarƙashin tukunyar nihari. In ta yi don ra'ayinta da kyautatawa, tana da lada, kuma ya kamata a gode mata. In kuwa miji ya ga abu a waya ya ce lalle sai an yi masa, ba tare da ya kawo kayan ba, ko ya tsaya yana kushe abin da aka yi, to ya tuna Annabi bai taɓa aibata abinci ba; in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Mai mata biyu da ke kawo nama da basmati ranar girkin amarya, ya kawo kuka da daddawa ranar girkin uwargida, ba sai an buɗe littafi ba kafin a san sunan abin da ya aikata. Haka nan uwar da ta bar 'ya'yanta suka taso suna yatsina fuska ga tuwon kakarsu, ta koya musu raina arzikin da Allah Ya ba ƙasarsu, kuma a nan ne maganar masu tsoron koyi take da gaskiya.

Na ƙarshe shi ne maƙwabci. Girkin Indiya ba ya ɓuya, ƙanshinsa yana tsallake katanga ya shiga gidan da yara suka kwana uku ba su ga nama ba. Muslim ya ruwaito cewa Annabi ya umurci Abu Zarri da ya yawaita ruwan romonsa in ya dafa, ya ɗiba wa maƙwabta. A wannan ma'auni girke-girken ba ɗaya suke ba. Biriyani ana ƙirga tsokarta, ba ta karɓar ƙarin ruwa, in an raba ta da yawa sai wani ya sami shinkafa tsura. Nihari kuwa romo ne, ƙashi da ƙwauri ne jarinsa, waɗanda mahauta ke sayarwa da rahusa. Halim ya fi su duka albarka, domin naman ya narke cikin alkama, babu mai cewa an ba wane tsoka an hana shi, kuma saboda haka ne a Haidarabad ake dafa shi cikin manyan tukwane a watan azumi, a ci a wurin buɗa-baki. Uwargidan da ke son gwada hannunta da naman layya, bayan an fitar da na sadaka da na kyauta, ga alkamar fadama ga man shanu, da halim ya kamata ta fara.