Ilimin Kaka a Gaban Alƙali

A Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa mun tashi mun tarar da iyayenmu na zuba ganyen darbejiya a rumbu don korar ƙwari. Ba wanda ya san mutumin da ya fara, ba kuma wanda ya taɓa biyan ko anini. To, na wane ne wannan ilimi?

Kada a ɗauki tambayar wasa. A 1994 Ofishin Rajistar Ƙirƙira na Turai ya ba kamfanin W.R. Grace da Ma'aikatar Gona ta Amurka takardar mallakar wata hanyar kashe fumfunar shuka da man darbejiya. Mutanen Indiya, inda itaciyar ta samo asali, suka ce ba su yarda ba. Aka soke takardar a 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005, domin an kawo shaidar cewa an riga an yi amfani da dabarar a can.

Yanzu Turawa sun ƙara gaba. Ran 1 ga Yuni, 2023 suka buɗe kotun haɗin gwiwa ta shari'ar ƙirƙira, mai ɗakin ɗaukaka ƙara a Luksambag. A 2024 ƙasashenta suka kai 18, kuma hukunci guda kan iya ɗaure su duka. Mu kuwa a Nijeriya dokar 1970 muke bi, ƙara kuma sai Babbar Kotun Tarayya.

Haƙiƙa ba mu ƙi mai ƙirƙira ya ci guminsa ba. Hana shi zalunci ne. Haɗa kotu ma alheri ne, don yana rage wa masu ƙara yawo. Amma alƙali, komai adalcinsa, da hujjar da ke gabansa yake hukunci. Kamfani na da takarda da kwanan wata, tsohuwar da ke tsintar saiwa a gefen dajin Falgore kuwa bakinta ne kawai littafinta. Idan kotu ta faɗaɗa, kuskurenta ma faɗaɗa yake yi.

Indiya ta farga, tun 2001 ta shiga taskance magungunanta na gargajiya a kwamfuta. A nan ne nauyi ya hau kanmu, mu marubuta. Mu zauna da dattawanmu, da yardarsu, mu rubuta abin da suka sani, da sunan gari da shekara, tun ƙasa ba ta rufe musu ido ba. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah ya sa mu dace.