Wa Ake Tunawa a Kan Lambar Tagulla?

Tun daga ranar 15 ga Satumba, 1916, lokacin da sojojin Ingila suka fara shigar da tankokin yaƙi fagen fama a kusa da kogin Som na ƙasar Faransa, masu ƙera lambobin tunawa suka sami sabuwar sura da za su zana a kan tagulla, wato wannan dabbar ƙarfe mai tafiya bisa sarƙa, wadda aka laƙaba mata sunan tankin ruwa domin a ɓoye sirrinta ga Jamusawa.

Abin da ke damun mai tafakkuri shi ne, lambar tana nuna ƙarfen, amma mutum takwas da ke cikinsa, suna shaƙar hayaƙin inji cikin zafi mai tsanani, ba a ganin fuskar ko ɗayansu. Alhali kuwa malamanmu sun karantar da mu cewa hisabi a kan mai aiki da niyyarsa yake, ba a kan makami ba, domin ƙarfe ba shi da lada, ba shi kuma da zunubi. A ganina, maƙeran nan sun girmama abin da bai cancanci girmamawa ba.